Abin da Wuƙa Ta Yanke daga Littafin Kawu

2 ga Maris

Yayana mai ɗinkin littattafai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da matarka da yara. Ka ce mata har yanzu ina jiran ziyarar da ta yi min alkawari tun ina ɗaliba.

Mu nan da sauƙi, sai dai Baba. Wata biyu ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Yana gane mu, yana ci kaɗan. Na ɗauki hutu daga makarantar da nake koyarwa, ni ce a kansa. Ka san Kawunka. Shekara arba'in yana yawon bishara, bai taɓa gama cin abinci a zaune ba, kullum akwai wanda bai ji ba tukuna. Yanzu ga shi a kwance yana kallon rufin ɗaki.

Ranar da ya faɗi, Littafinsa Mai Tsarki yana hannunsa. Bangon ya rabu, takardun suka zube. Na tattara su, na ɗaure da igiya, na ba direban motar kaya da ke zuwa garinku, zai kawo maka shago. Mahaifiyarka da Baba kakansu ɗaya, amma ba zumunci kaɗai ya sa na aiko maka ba. Ba wanda na yarda ya taɓa littafin nan sai kai.

Abu ɗaya nake roƙonka: kada wuƙa ta taɓa bakin takardun. Na san sun yi baƙi, sun ci. Ka bar su haka. Duk mutumin da Baba ya yi wa magana bai amsa ba, sai ya rubuta shi da fensir a can bakin shafi, a tsaye, da ɗan ƙaramin rubutu: sana'arsa, inda yake zama, da ranar. Yana masa addu'a, yana komawa. In mutumin ya ba da gaskiya, sai ya sa ɗan gicciye a ƙarshen layin. Ba wani wuri da ya ajiye su sai nan.

Tun da ya kwanta hannunsa na hagu ba ya hutawa. Yana bin bakin bargo da babban yatsa kamar mai neman shafi. Ka yi sauri, Yaya.

Ƙanwarka,
Auta

14 ga Maris

Ƙanwata Auta,

Na amsa gaisuwarki cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, sai ƙaramar 'yarmu da ta yi tari, ya kuma tafi. Matata ta ce in gaya miki motar da za ta kai ta can ita ce za ta iya kawo ki nan.

Labarin Kawu ya zauna min a ƙirji. Shekara uku na yi a gidanku ina sakandare, shi ne ya sa min suna Bari-in-duba, don duk abin da aka tambaye ni sai na ce haka. Ina tuna ranar da ya tsayar da ni a ƙofar majami'a ya ce mulkin Allah ba layin asibiti ba ne da zan zauna ina jiran a kira lambata. Na ji tsoronsa ranar. In gaya miki gaskiya, ban taɓa daina jin tsoronsa ba. Ina zuwa sujada, ina zama a bencin baya, ban wuce nan ba.

Na duba littafin da nake rubuta abin da ya faru kowace rana, don kada in yi miki kuskuren kwanaki. Littafin Kawu ya iso ranar 4 ga wata da hantsi. Direban ya ce aikin gaggawa ne, tsoho ba lafiya, bai ba ni wata takarda ba. Wasiƙarki ta iso ta gidan waya ranar 12. Na rubuta miki kwanakin nan biyu don ki riƙe su.

Ga abin da na yi. Ranar 4 na warware tsohon zare, na jera takardun bisa lamba, duka ɗari bakwai da arba'in, ba wadda ta ɓata. Ranar 5 da 6 na ɗinka. Ranar 7 na shafa gam a baya, na danne shi tsakanin katako biyu. Ranar 9 na sa masa sabon bango na baƙar fata.

Littafin ba zai dawo hannunku yadda kuka san shi ba. Ki ba ni kwanaki kaɗan. Ki riƙe min hannun Kawu ki ce na gaishe shi.

Yayanki

21 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Allah ya ƙara wa ƙaramar sauƙi. Baba yana nan yadda yake, amma jiya ya sha shayi har rabin kofi, kai ne kuwa dalili.

Na karanta masa wasiƙarka daga farko har ƙarshe. Da na zo inda ka ce littafin ba zai dawo yadda muka san shi ba, na yi dariya na ce, Baba, ka ji Bari-in-duba yana yabon aikinsa, littafinka zai dawo sabo fil da baƙar riga. Ya yi wani sauti a maƙogwaro, gefen bakinsa ya motsa. Wata biyu ban ga haka ba.

Amma ka ji abin da likita ya ce min a waje. Zuciyar ta gaji. Maganar makonni ce, ba watanni ba.

Na yanke shawara. Da littafin ya dawo zan bi shi shafi shafi, in fitar da duk waɗanda ba su da gicciye, in je wurinsu ɗaya bayan ɗaya tun Baba yana da kunnen da zai ji abin da suka ce. Maƙwabciyarmu ta yarda ta riƙa zama da shi da rana. Na gwada tuna su da ka, na kasa. Baba bai taɓa faɗa mana su ba, addu'arsu yake yi a ɓoye. Ina kwana ina tashi da su, Yaya, mutanen da ban san fuskarsu ba. Wani a cikinsu yana iya mutuwa yau da rana ina nan ina wanke kofi.

Ka ce kwanaki kaɗan. Nawa ne kaɗan? Ka faɗa min lamba. In bangon ya bushe, me ake jira?

Auta

27 ga Maris

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Muna lafiya. Ban san yadda zan ci gaba da gaisuwa ba, don haka ga maganar.

Na tsallake rana ɗaya a lissafin da na yi miki. Ranar 8 ga wata na kai littafin shagon maƙwabcina mai buga takardu, na sa shi a injin yanka, na datse bakin takardun. Faɗin ƙwayar shinkafa biyu na cire, daga sama har ƙasa. Haka nake yi wa kowane littafi kafin in sa bango, shekara ashirin da biyu ke nan. Wasiƙarki ta zo bayan kwana huɗu.

Zan iya tsayawa a nan in bar laifin a kan gidan waya. Na gwada, har na rubuta haka a littafina, na soke. Na ga rubutun, Auta. Lokacin da nake jera takardun na ga layin fensir a bakin shafi, ba sau ɗaya ba. Ban karanta ba. Na ga baƙin dauɗar yatsa, na ga baki ya ci, raina ya tafi kan yadda zai fito fari tas, Kawu ya shafa ya san cewa akwai abu ɗaya da na iya. Gilashin ƙara girman rubutu yana nan a aljihun tebur, hannu kawai zan miƙa.

Abin da injin ya yanke yakan zuba a buhu, ziri ziri, kowane ziri tsawon shafi. Wata mai sayar da ƙwai ce ke kwashe buhun duk mako, tana shimfiɗa takardun a kwali don kada ƙwan ya fashe. Ranar da na karanta wasiƙarki na rufe shago na tafi rumfarta. Da na yi mata bayani ta riƙe haɓa ta ce ashe ƙwanta sun riga ta jin wa'azi. Sai ta ga fuskata, ta daina. Ta juye min ragowar buhun, ta sa muka sauke kwali goma sha ɗaya, muka kwashe ƙwan ɗaya ɗaya a kan tabarma. Kwali shida sun riga sun tafi gidajen mutane. Ta kwatanta min uku, na je, na samo biyu. A gida na uku matar ta hura wuta da su.

Takardar littafin Kawu siririya ce, ana gane ta a cikin sauran. Yanzu haka na kwashe komai daga teburina, na rufe taga saboda iska, ina miƙe su da hantsaki ɗaya bayan ɗaya. Inda wuƙar ta raba rubutu biyu, ƙafafun haruffan suna nan a jikin littafin, ina iya gano shafin in manna zirin a wurinsa. Inda ta ɗauke layin gaba ɗaya, ba abin da zan gwada da shi. Wasu sun yage, an ga mutumin ba a ga ƙarshen layin ba, ban san ko yana da gicciye ba.

Wannan nake nufi da na ce ba zai dawo yadda kuka san shi ba. Na rubuta shi a dunƙule don na san za ki iya karanta shi ta fuskar alheri, kuma kin karanta. Murmushin da Kawu ya yi, ƙaryata ya yi wa.

Ban san ko ya kamata ki gaya masa ba. Ban san komai ba.

Yayanki

6 ga Afrilu

Auta,

Gaisuwa. Kullum ina leƙa akwatin gidan waya, babu komai. Ban ga laifinki ba. Sai dai shirun yana da fassara biyu, ɗayar ba na iya kwana da ita. In Kawu ya tafi, ki sa ko maƙwabciya ta rubuto min layi ɗaya.

Ban karɓi aikin kowa ba tun ranar 12 ga Maris. Matata ta ce na koma kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta ce in ta kira ni cin abinci sai ta ji ina magana da takarda. Gaskiya ne, ina karanta su da baki. Da hasken rana kaɗai fensirin yake fitowa, don haka daga fitowar rana har la'asar nake yi.

Ziri ɗari biyar da goma sha biyu na samo. A cikinsu ɗari biyu da uku ne masu rubutu. Ɗari da tamanin da ɗaya suna da gicciye. Goma sha uku sun yage ta ƙarshe. Tara ne cikakku marasa gicciye, ga su a takardar da na haɗa da wannan, na kwafa harafi harafi yadda ya rubuta. Takwas a garinku suke ko kusa da shi: mai injin niƙa na bayan kasuwa, matar mai gadin makaranta mai ɗa gurgu, direban da ya sauke shi a hanya, da sauran. Na tara ba naki ba ne. Ya rubuta: mai gyaran takalmi a ƙofar tashar garin Bari-in-duba. Shekara goma sha huɗu da suka wuce ke nan, lokacin da ya zo taro ya kwana biyu a gidana.

Wani abu yana damuna. Waɗanda ya sa wa gicciye, sau da yawa ranar farko da ranar gicciyen shekara tara ce tsakani, ko goma sha biyu. Akwai wani wanzami, shekara ashirin da uku. Ni da nake ganinsa kamar mai gaggawa marar haƙuri, ashe gudu yake yi zuwa ƙofa ɗaya shekara ashirin da uku.

Ina jin su a shagon nan. Ba murya ba, kada ki tsorata. Kamar dai yadda za ki shiga ɗaki ki san akwai mutane a zaune suna jira kafin idonki ya saba da duhu. Waɗanda suka ƙone a murhun matar nan su suka fi zama kusa.

Yayanki

17 ga Afrilu

Yaya,

Baba yana da rai. Ka fara da wannan. Numfashi yana masa wuya, ƙafafunsa sun kumbura, amma yana ji.

Wasiƙarka ta 27 ga Maris na karanta ta a tsaye a bakin famfo, na ninke, na sa a ƙasan akwati. Na rubuta maka amsa biyu, na yaga, don ba maganar mai bi ba ce. Abin da ya rage daga cikinsu ɗaya ne, shi zan faɗa: kai kullum kana da lokaci. Ka yi kwana goma sha biyar da sanin abin da ya faru kafin ka buɗe baki. Mu nan ba mu da kwana goma sha biyar.

Ban gaya wa Baba ba. Na ce gam ne bai bushe ba. Yanzu ni ma ina da tawa ƙaryar.

Takardarka ta sunaye ta iso ranar 11, washegari na fita. Na je wurin shida. Mai injin niƙa ya rasu shekara huɗu da suka wuce, ɗansa ne a kan injin, bai ma kashe shi ba da nake magana. Biyu sun tashi, ba wanda ya san inda suka koma. Ɗaya ya rufe min ƙofa. Direban da ya sauke Baba a hanya ya tsufa, yana zaune a ƙofar gida. Da na faɗi ko ni 'yar wa ce sai ya yi dariya har da tari, ya ce awa uku tsohon nan ya yi yana wa fasinjojinsa wa'azi a tsaye, shi ya sa ya sauke shi, kuma washegari sai ga shi ya sake shiga motar. Ya saurare ni har na gama. Ya ce in dawo.

Matar mai gadin kuwa, Yaya, shekara goma ke nan tana sujada a wata unguwa. Ba wanda ya gaya wa Baba. Shekara goma yana kuka a kanta tana can tana waƙa a ƙungiyar mata. Na kawo ta gida. Ta durƙusa a bakin gadon ta gaya masa da bakinta. Ya ɗaga yatsa da ƙyar ya zana gicciye a kan bargon.

Wani lokaci ina tambayar kaina, don Ubangiji nake wannan gudun ko don in ga yatsan nan ya motsa? Ban tsaya neman amsa ba, saura biyu.

Ka aiko da littafin yadda yake, da direba, ba gidan waya ba. Kada ka manna ko ziri ɗaya bayan ka karanta wannan. Na taran kuma a garinka yake. Kana da ƙafa.

Auta

23 ga Afrilu

Ƙanwata,

Na gode wa Allah da layinki na farko. Ina gaishe ki, ina gaishe da Kawu. Wannan takarda tana cikin littafin, direban zai tashi da azahar.

Ziri ɗari da arba'in na samu na manna. Bakin littafin ya yi tudu da kwari, bangon ba ya rufuwa sosai. A rayuwata ban taɓa fitar da aiki mai muni haka daga shagona ba. Sauran zirin suna wurina a cikin ambulan.

Ban jira wasiƙarki ba kafin in je wurin mai gyaran takalmin, amma kada ki yabe ni. Yana nan a ƙofar tasha, ƙarƙashin laima ɗaya. Ranar 9 na kai masa takalmina, ya ɗinka, na dawo. Ranar 10 na kai na matata. Ranar 13 na kai na babbar 'yarmu, wanda ba abin da ya same shi. Ya juya shi sama da ƙasa ya ce, malam, ko dai ni ne na yage kake so ka ɗinke?

Sai na fito da zirin na ba shi gilashin. Ya daɗe yana kallo. Ya ce ai ya tuna, tsohon nan mai gudu, wanda ya zauna a gyara masa takalmi, ya hango mota tana cika, ya tashi da ƙafa ɗaya ba takalmi ya bi ta yana magana ta taga. Ya tambaye ni ko har yanzu yana gudu. Na ce yana kwance.

Na yi masa maganar Almasihu. Ban iya ba, Auta. Na fara daga tsakiya, na koma farko, wata mata tana tsaye tana jiran silifas ɗinta tana kallona. Da na gama ya ci gaba da jan zarensa, sannan ya ce, "Ka gaya masa ban ce a'a ba."

Ki gaya masa haka, da kalmomin nan. Ban ƙara ba, ban rage ba. Zan koma ranar Laraba.

Yayanki

3 ga Mayu

Yayana,

Gaisuwa cikin sunan wanda ya tashi daga matattu. Baba ya huta ranar 28 ga Afrilu da hantsi. Mun binne shi washegari. Na san ba za ka iso ba, shi ya sa ban tashe ka ba. Ni lafiya, sai gajiya.

Littafin ya iso ranar 25. Kafin in ba shi na gaya masa komai, da injin, da mai ƙwai, da murhu. Ban ga ya dace ya tafi da ƙaryarmu a kansa ba. Na ɗora masa a ƙirji. Bai kalli bangon ba ko sau ɗaya. Ya sa babban yatsa a bakin takardun ya fara bi. Inda ka manna, yatsan yakan wuce. Inda wuƙa ta bar wurin sumul, sai ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Kwana uku yana haka.

Na faɗa masa saƙon mai gyaran takalmi. Na ce kai da kanka ka je. Ya juyo ya kalle ni, ya daɗe, sai ya mayar da ido kan littafin. Zan so in rubuta maka cewa murna na gani, ko gafara. Ban sani ba, Yaya. Fuskar rabi ce kawai take aiki, ba zan ƙara mata abin da ban gani ba.

Da safen ranar 28 ina shirin fita wurin na takwas, na sa takalmi, na leƙa in ce masa na tafi. Yatsan yana tsaye a wani wuri sumul wajen ƙarshen littafin. Na sa takarda a wurin kafin in zare hannunsa. Na duba shafin a rana, babu ko ƙafar harafi ɗaya.

Na yafe maka. Ba a rana ɗaya ba, kuma wata safiyar sai na sake yi daga farko. Ranar Litinin zan koma makaranta. Tsohon direban nan da ya ce in dawo yana jirana ranar Asabar.

Ƙanwarka,
Auta

16 ga Mayu

Ƙanwata Auta,

Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya ta'azantar da mu duka. Matata da yara suna miki gaisuwar rashi. Muna lafiya. Na buɗe shago, ina karɓar aiki, amma ƙarfe uku nake rufewa yanzu.

Na karanta wasiƙarki sau shida. Ba zan roƙe ki ki canza ko kalma ɗaya a kan kallon da ya yi miki ba.

Makon da ya wuce mai ƙwai ta zo shagona da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Tana share rumfa ta ga wani guntun ziri ya maƙale a ƙasan wani kwali, ta naɗe shi a gefen zaninta ta kawo min. Tsakiya ne kawai, kai da ƙarshe duk sun yage. Babu gari, babu rana, babu wurin gicciye. Abin da ya rage shi ne: mai zama a bakin taga, ya ce in dawo gobe.

Na gwada shi da hankali yadda na saba. Na ce a garinku ne, tunda can ya fi yawo. Na ce ƙila yana da gicciye tun tuni, ƙila ya mutu. Na rubuta dalilai biyar a littafina da suka nuna ba ruwana da shi. Da na rufe shago na fito sai na ga tagogi. Shekara goma sha tara ina bin layin nan safe da yamma, ban san yana da taga arba'in da ɗaya masu kallon titi ba. Kawu ya bi layin nan kwana biyu.

Na shiga gida uku zuwa yanzu. A na farko wata mata ta ce ba ta sayen komai. A na biyu an ba ni ruwa, an saurare ni don kunya. Har yanzu daga tsakiya nake farawa.

Na ukun a bene yake, saman shagon mai gyaran rediyo. Akwai wani tsoho da ke zama a tagar, ashe kullum ina wucewa ta ƙarƙashinsa. Jiya na hau. Matakala goma sha takwas, na tsaya sau biyu a hanya, ba don gajiya ba. Ƙofar a buɗe take. Bai tambaye ni ko wane ne ni ba, ya ce ai ya san ni, ni ne mai tafiya yana kallon ƙasa. Ya nuna min kujera ya ce ba ta kowa ba ce tun da matarsa ta rasu.

Na tambaye shi ko wani mai bishara ya taɓa hawowa nan, dogo, mai sauri, ya ce masa zai dawo washegari. Ya ci gaba da kallon titi. Sannan, bai juyo daga tagar ba, ya ce, "Kowa yana cewa zai dawo."

Ban san ko shi ne ba, kuma na gane ba zan taɓa sani ba. Na zauna na gaya masa abin da na zo da shi har inuwa ta cinye ɗakin. Yau ma ƙarfe uku na hau. Ya riga ya juya kujerar ta fuskanci tasa.

Saura taga talatin da takwas. Ki yi min addu'a, ƙafata tana da nauyi.

Yayanki